Yadda Ake Haɗa Takin Rami Ya Ruɓe Sosai Kafin Damina

Bayan an gama yankan shinkafa a fadamun Argungu, Suru da Yauri, karan shinkafa kan taru tsibi-tsibi, mafi yawansa kuma wuta ake cinna masa. A cikin gari kuwa kashin awaki da sharar tsakar gida suna can kan juji, rana na dukansu wata da watanni. Da bazara ta kama sai a kwashe jujin a mangala, da leda da fasasshiyar kwalba da komai, a kai gona a ce an kai taki. Abin da aka kai ɗin bai ruɓe ba, bushewa kawai ya yi, kuma rabin ƙarfinsa ya riga ya bi iska.

A ƙasar Kebbi ba zafi muke nema ba, a watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40. Abin da ke hana taki ruɓewa a wurinmu ƙishirwa ce. Saboda haka za ka ga kusan kowane mataki a nan yana komawa kan abu ɗaya: yadda za a tsare danshi a cikin tarin ba tare da an toshe masa iska ba.

Kayan aiki

Diga da shebur na haƙa rami, adda ta sassara kara, manjagara ko fartanya ta jawo kaya, baro ko kwando na ɗauka, bokiti ko garwa ta ban ruwa. Ka nemi sanda mai kauri wadda ta kai tsawon mutum, ka fere bakinta ya yi tsini. Ita ce ma'aunin zafinka. Sai abin rufi: tsohuwar zana, tabarmar da ta mutu, ko buhunan algarara. Ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa, domin kunama da maciji suna son sanyin gefen rami, kuma ƙusa mai tsatsa a cikin kashin dabbobi hanya ce ta cutar sarƙewar haƙora.

Kayan haɗi

Kashi uku ne. Na farko busassun kaya: karan dawa, gero da masara, karmami, karan shinkafa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen mangwaro ko dogon yaro, da ɓuntu, wanda zan yi magana a kansa daban. Na biyu ɗanyun kaya: ɗanyar ciyawa, tafasa, ragowar ganyen kasuwa, ɓawon kankana, ganyen albasa bayan an yanke, ruɓaɓɓen tumatir, kainuwa ga waɗanda ke bakin ruwa. Na uku kashin dabbobi: na shanu, awaki, tumaki, jakai, raƙuma, da na kaji. Idan kana kusa da kwata, abin da mahauta ke zazzagewa daga tumbi ya fi duk waɗannan saurin tayar da tari, domin ciyawa ce da aka riga aka tauna, ga ta jiƙe, ga ta cike da ƙwayoyin da ke ruɓar da ita. Bayan waɗannan sai toka kaɗan, da ƙasar gindin tsohon juji ko ta ƙarƙashin gawo, da ruwa mai yawa.

Akwai abin da ba ya shiga rami ko kaɗan: leda, roba, kwalba, gwangwani, batir, baƙin mai, mushe, kashin kare ko na kyanwa, da bayan gidan mutane. Ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa kwanan nan ita ma a bar ta. Ganyen tumatir ko tattasai da cuta ta kashe, ƙona shi ya fi. Batun batir da ƙarfe ba na wasa ba ne, domin ƙarfe ba ya ruɓewa, sai dai ya zauna a ƙasa shekara da shekaru. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Jujin gidan da aka taɓa daka ko wanke irin waɗannan duwatsu, kada ka ɗebi ko cokali ɗaya daga cikinsa.

Abin da ke faruwa a cikin ramin

Ruɓewa aikin masu rai ne. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, tare da funfuna, su ne ke cin kara da ganye da kashi, su fitar da zafi da tururi, su bar baƙin taki a baya. Duk matar da ta iya daddawa ta san wannan: a dafa kalwa, a rufe ta da ɗuminta, bayan kwana biyu ko uku a buɗe a tarar ta yi zafi ta sauya kama ba tare da an hura mata wuta ba. Masu wannan aiki suna buƙatar abu huɗu, kuma saurin ruɓewa ya dogara ne ga yadda suka same su.

Abinci iri biyu. Busassun kaya cike suke da sinadarin kabon, shi ke ba su ƙarfi. Kashi da ɗanyen ganye su ke ɗauke da naitirojin, wanda da shi suke gina jikinsu su hayayyafa. Masana sun auna cewa aikin ya fi sauri idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. Kashin shanu yana kusa da ninki 20, na kaji kusan 10, busasshen kara ya haura 50, garin katako kuwa yakan kai ɗaruruwa. Shi ya sa kara shi kaɗai ke shekara bai ruɓe ba, kashin kaji shi kaɗai kuma ya yi ta ɗoyi yana zubar da ƙarfinsa.

Ruwa. Sai ruwa ya kai kusan rabin nauyin tarin, ko ya ɗan ɗara, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Idan ya sauka ƙasa da 40 aikin ya fara ja da baya, idan tarin ya bushe ƙamas sai ya tsaya cik.

Iska. Masu saurin aikin da iska suke rayuwa. In ruwa ya cika ramukan da ke tsakanin kayan, ko an danne tarin ya tauri, sai wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin. Su kuwa nawa gare su, ba sa kawo zafi, kuma su ke haifar da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Zafi. Tarin da ya samu ukun farko da kansa yake ɗaukar zafi, ya kai digiri 55 zuwa 65. A wannan zafin ne irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta ke mutuwa. In ya wuce 70 su kansu masu aikin sun fara mutuwa.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci da wuri

Takin da kake so ka shuka gero ko dawa da shi a Yuni, ka haɗa shi tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da kara ke ko'ina kuma rijiyoyi ba su ja baya ba. Wanda ya jira Maris zai haɗu da zafi da ƙarancin ruwa lokaci guda. Mai noman rani, kamar masu albasa na Aliero da masu lambun fadama, nasa haɗin cikin damina ne, wajen Yuli ko Agusta, sa'ad da ɗanyar ciyawa kyauta ce.

Wuri ya zama inuwa: ƙarƙashin dogon yaro, mangwaro ko bayan katanga, inda iskar hunturu ba ta buga shi kai tsaye. Ka ɗan matsa daga gindin itacen don kada ka sare saiwa. Ya kasance kusa da inda za ka sami ruwa, amma ya nisanci rijiyar sha da taku 30 ko fiye, kuma kada ya kasance a saman gangaren da ke malalowa rijiyar. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin wuri kusa da gona da wuri kusa da ruwa, na kusa da ruwa nake ɗauka. Taki sau ɗaya ake ɗaukarsa zuwa gona, ruwa kuwa duk mako ne.

Mataki na 2: Haƙa rami

Zurfi mita 1, faɗi mita 1 da rabi, tsawo mita 2 ko gwargwadon kayanka. Kada zurfin ya wuce mita 1, don iska ba za ta kai ƙasa ba, kuma juyawa za ta gagare ka. Kada kuma ya gaza mita 1 ta kowane ɓangare, domin ƙaramin tari ba ya riƙe zafi, kwana biyu ya bushe. Ka haƙa ramuka biyu gefe da gefe, ka cika ɗaya ka bar ɗaya wofi na juyi. Ƙasar da ka fitar ka jera ta a bakin ramin ta zama ɗan tudu mai tare ruwan sama.

A jigawa mai rairayi bangon rami kan zubo, kuma yana shanye ruwa. Ka shafe shi da laka, ko ka jera tubali ba tare da siminti a ƙasa ba. A fadama inda ruwan ƙasa ke kusa, ko cikin damina a wurin da ruwa ke kwanciya, rami ba naka ba ne: zai zama tafki. Sai ka yi tarin a bisa ƙasa, a kan tudu, da awo iri ɗaya, tsayinsa ya kai ƙirji, ka kewaye shi da zana.

Mataki na 3: Sassarawa da jiƙawa

Nan ne mafi yawan masu farawa ke ƙosawa, nan ne kuma ake cin wata guda ko a yi asararsa. Ƙwayoyin nan daga waje suke cin abu, saboda haka duk yadda ka ƙara yanka shi, haka ka ƙara musu wurin kamawa. Karan dawa yana da santsin baya da ruwa ba ya ratsawa. In ka jefa shi da tsawonsa, haka za ka tarar da shi ranar kwasa. Ka sassara shi da adda tsawon yatsa zuwa tsawon tafin hannu.

Mai dabbobi yana da hanya mafi sauƙi kuma mafi kyau. Ka shimfiɗa karan a turke ko a garke, dabbobi su tattake shi mako biyu ko uku, su yi masa fitsari da kashi. Babban rabo na naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, kuma a gidajenmu ƙasa ce ke shanye shi a banza. Shimfiɗar da ta sha fitsari ta riga ta haɗa busasshe da mai ƙarfi tun kafin ta ga rami.

Busasshen kara da busasshen kashi, musamman na awaki da raƙuma mai tauri, sai an jiƙa su tun daren jiya. Ka tara su, ka kwarara ruwa, ka rufe da buhu su kwana. Ruwan da aka yayyafa wa busasshen kara a cikin rami gangarewa yake yi ƙasa, ya bar karan yadda yake.

Mataki na 4: Jera kaya

Wannan tsari na hawa-hawa tsoho ne. Wani masanin noma ɗan Ingila, Albert Howard, ya daidaita shi a garin Indore na Indiya a shekarun 1920, bayan ya lura da yadda manoman can ke yi.

Ka fara yayyafa wa ƙasan ramin ruwa. Hawa na ƙasa ya zama kara mai kauri wanda ba a sassara sosai ba, kaurin tafin hannu, domin iska ta sami hanya ta ƙasa kuma ruwan da ya yi yawa ya tsane. A kansa ka zuba jiƙaƙƙun busassun kaya kamar santimita 20. Sai ɗanyun kaya santimita 10. Sai kashi santimita 5, wato kaurin yatsu uku. In na kaji ne, rabin haka ya isa. Ka barbaɗa ƙasar tsohon juji shebur ɗaya ko biyu, ita ce ke kawo irin ƙwayoyin. Ka yayyafa ruwa. Sannan ka sake daga busassun kaya, haka-haka har tarin ya ɗara bakin rami da kamu ɗaya, domin zai sauka.

A taƙaice, kwando huɗu na busasshe, kwando uku na ɗanye da kashi a haɗe.

Toka tana da amfani, tana kawo sinadarin fotash, tana kuma rage tsami, amma barbaɗe ake yi, tafi biyu ko uku a kan busassun kaya. Kada ka zuba ta kai tsaye a kan ɗanyen kashin kaji. Toka na kore naitirojin ya fice a matsayin iskar nan mai yaji da ke shiga hanci, kai kuma abin da kake tarawa ke nan.

Kowane hawa ka gwada danshinsa da hannu. Ka damƙi kayan ka matse da ƙarfi. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, kuma dunƙulen ya tsaya da ka buɗe hannu, daidai ne. In ruwa ya zuba, ya yi yawa, ƙara busasshe. In ya warwatse ba ko laima a tafinka, ƙara ruwa. Kada ka hau kan tarin kana tattakawa don ya ci kaya da yawa; gefe-gefe kawai za ka ɗan danna.

Ka yi ƙoƙari ka cika ramin cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ramin da ake jefa wa kwando ɗaya yau, ɗaya jibi, ba ya taɓa ɗaukar zafi. In kayanka ba su kai ba, ka tara su a gefe, busassu daban, kashi daban a inuwa, sai sun isa.

Wanda ba shi da dabbobi: ya nemi na kwata, ko ya ninka ɗanyen ganye, musamman tafasa da ganyen wake ko na gyaɗa. In duk babu, gwangwanin madara ɗaya na takin zamani na yuriya a narke cikin bokitin ruwa, a yayyafa wa kowane hawa na kara, zai tayar da tarin. Wanda ruwa ke yi wa wuya: ruwan alwala, na wanke hatsi, na jiƙon shinkafa daga wurin masu turarawa, duk suna yi. Ruwan wanki mai yawan garin sabulu ko gishiri ne ba na so.

Mataki na 5: Rufi da kafa sanda

Ka rufe saman da ƙasa kaurin yatsu biyu, sannan ka ɗora kara ko ciyawa mai kauri, sannan zana ko buhu. Ƙasar tana kama iskar naitirojin da ke son ficewa, tana hana ƙuda yin ƙwai, tana hana kaji tonawa. Baƙar leda tana riƙe danshi sosai a lokacin hunturu, amma tana toshe iska. In ita kake da ita, ka huda ta wurare da yawa, kada kuma ka binne gefunanta. Ka soka sandarka a karkace har ta kai tsakiyar tarin, ka bar ta a nan.

Mataki na 6: Karanta sanda

Bayan kwana uku, da sassafe, ka zare sandar ka kama bakinta.

In ta yi zafi har ba ka iya riƙe ta da daɗewa, kuma da laima a jikinta, aiki ya kankama. Da sanyin Disamba har tururi za ka gani yana bin ramin sandar. Mayar da ita, ka bar tarin.

In sanyi ƙalau kuma a bushe, ruwa ne babu. Ka huda tarin wurare da dama da sandar, ka ɗura ruwa ta ramukan, ka sake rufewa. In ta fito da wani farin gari kamar toka a jikinta, tarin ya yi zafi sannan ya bushe, yana cin kansa ba tare da ya zama taki ba. Wannan sai an buɗe, an jiƙa, an juya. A wurinmu waɗannan biyun su ne suka fi faruwa. Gara ma shaida ce: ba ta zama cikin tari mai zafi da danshi, in ka ga ta yi gini a ciki, to ya bushe.

In da laima amma ba zafi kuma ba wari, abinci mai ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ƙara kashi ko ɗanyen ganye a lokacin juyi. In sandar ta fito da baƙin caɓi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya kori iska: fitar da kayan, ka cakuɗa da busasshen kara ko ɓuntu, ka mayar a sake. In kuma warin fitsari mai yaji ne ke tashi, kashi ya fi ƙarfin kara. Ƙara busasshe, ka ƙara ƙasa a sama.

Ka riƙa duba sandar duk bayan kwana uku ko huɗu. A hunturu da bazara, ramin wannan girman yakan nemi bokiti uku zuwa biyar a mako, amma hannunka ne alƙali, ba lissafi ba.

Mataki na 7: Juyi

Bayan mako biyu zuwa uku zafi zai fara sauka, tarin kuma ya nutse. Iskar ciki ta ƙare ke nan, kuma na tsakiya ya ci wuta na gefe bai ci ba. Ka kwashe shi zuwa rami na biyu da wannan ƙa'ida: na sama da na gefe su koma tsakiya, na tsakiya ya koma waje. Duk dunƙulen da ka gani ka farfasa shi. Kana zubawa kana yayyafa ruwa, kana gwada matsi da hannu. Ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle, domin ƙurar funfuna na tayar da tari, mai asma kuwa ya bar wa wani wannan aikin.

Wannan juyin ne ke raba takin kirki da na juji ta fuskar ciyawa. Kashin dabbobin da suka yi kiwo a daji cike yake da irin ƙarangiya da na wasu ciyayi, kuma sai kowane ɓangare na tarin ya kwana uku ko fiye a cikin zafin tsakiya kafin irin ya mutu. Ƙuduji da ya riga ya yi fure ban yarda a sa shi ba ko da za a juya sau goma: irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya na zubar da dubbai, kuma yana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran gero ko dawa. Tuge shi ka ƙona. Saiwar kiri-kiri da 'ya'yan aya-aya kuma a shanya su a rana su mutu tukuna.

Bayan juyin farko zafi zai sake tashi cikin kwana biyu ko uku. Ka sake juyawa bayan wasu makonni uku, sannan sau ɗaya kuma. Kowane juyi zafin da ke biyo baya yana raguwa. Tarin da aka sassara, aka jiƙa, aka juya sau uku yakan nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku. Wanda ba shi da ƙarfin juyi yana iya barin sa a rufe yana ba shi ruwa kawai. Zai ruɓe, amma sai wata biyar zuwa shida, kuma irin ciyawar gefe zai tsira.

Batun ɓuntu

Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar nan, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ɓuntu ya yi yawa a bakin injina manya da ƙanana. Ganin arahar sa kan sa mutum ya cika rami da shi. Ɓuntu yana da siliki mai yawa, wato sinadarin da ke cikin yashi, ga kuma tauri irin na itace, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, don haka yana daga cikin abubuwan da suka fi jinkirin ruɓewa. Kada ya wuce kwando ɗaya cikin biyar na busassun kayanka. A wannan ma'aunin alheri ne, domin yana hana tarin cushewa. Hanya mafi kyau ita ce a fara shimfiɗa shi a ɗakin kaji ko turken awaki ya yi wata ɗaya ko biyu. Garin katako ma hukuncinsa ɗaya, har ya fi ɓuntu cin naitirojin. In ka tarar da ɓuntu da sauran siffarsa ranar kwasa alhali komai ya ruɓe, ba laifi, zai ƙarasa a gona yana sassauta ƙasa.

Mataki na 8: Gane ya nuna

Launi ya koma baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Ƙamshinsa na ƙasar da ruwan farko ya daka ne, ba wari. Ba ka iya cewa wannan ganye ne wannan kashi ne, sai ɗan guntun kara nan da can. Tarin ya koma rabin yadda aka fara ko ƙasa da haka. Ka juya shi, ka jiƙa, sanda ta kwana uku ba ta yi zafi ba. A wannan lokacin za ka fara ganin tana da ƙadandoniya da gwazarma, domin sai wuri ya huce suke shigowa. Gwazarma ka tsince ta ka ba kaji.

Mai lambu ya ƙara da gwaji ɗaya. Ka cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da rabin ƙasa rabin taki, ka shuka ƙwayar wake ko masara goma-goma. In na takin ya fito daidai da ɗan'uwansa, kore shar, ya nuna. In ya ƙi fita ko ya fito rawaya, ka ba tarin wasu makonni biyu ko uku. Dalili shi ne takin da bai gama ruɓewa ba yana ci gaba da aikinsa a cikin gona, ƙwayoyin kuma sai su janye naitirojin ɗin ƙasa don su ƙarasa cin karan, shuka ta yi rawaya a daidai lokacin da take neman ƙarfi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi. A bedin irin albasa ko tumatir, kuskuren nan na iya cinye irin gaba ɗaya.

Mataki na 9: Ajiya da kaiwa gona

In ya nuna kafin lokacin shuka, ka bar shi cikin ramin ko ka tara a inuwa, a rufe, da ɗan danshi. Na bedin iri ka tankaɗe shi da rariyar waya, guntayen da suka rage ka zuba su cikin sabon rami, sun fi ƙasar juji saurin tayar da shi.

Al'adar kai taki gona tun Maris a jera shi tsibi-tsibi rana na dukansa har ruwa ya sauka tana zubar da wahalar da aka sha. In dole ne ka kai da wuri saboda jaki ko amalanke, ka tara shi wuri ɗaya ka rufe da kara da ƙasa. Ka baza shi ana saura mako ɗaya ko biyu a yi shuka, ka bi da garma ko fartanya ya shiga ƙasa.

Ka san kuma iyakar ƙarfinsa. Irin wannan taki yakan ɗauki naitirojin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, yuriya kuwa kashi 46, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Rami ɗaya ba zai maye gurbin buhun yuriya a gonar shinkafa ba. Aikinsa na daban ne: yana sa jigawa ta riƙe ruwa tsakanin ruwan sama da ruwan sama, yana sassauta laka, yana sakin abinci a hankali har shekara ta biyu, kuma takin zamani kaɗan da aka sa a kansa ya fi yin tasiri fiye da a kan ƙasa tsirara. Saboda haka in takinka kaɗan ne kada ka watsa shi ko'ina. Ka sa tafi ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka, ka cakuɗa da ƙasa kafin iri ya sauka.

Mai faƙo, inda ƙasa ta tauri ruwa na gudu a kanta, ya yi irin ta maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar, abin da suke kira tassa, a Burkina Faso kuma zai. Tun da rani ake haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. A zuba tafi biyu na taki a kowane rami, a ɗan rufe da ƙasa, a jira ruwa mai ƙarfi ya sauka sannan a shuka gero ko dawa a ciki. Ramukan haɗa takin da ka kwashe kuma kada su zauna wofi: da ciyawar noman farko ta samu a Yuli, ka sake cika ɗaya, wannan karon tari a bisa ƙasa in ruwa na kwanciya a wurin, domin lambun rani.